Nauyi a Wutsiyar Sanda: Dabarar da ke Kwantar da Hannun 'Yan Wasan Golf

A tsakanin watan Yuni da farkon Yuli na shekarar 2023, mutum uku daban-daban suka ci manyan gasannin golf uku a Amurka, mako uku a jere. Wyndham Clark ya ɗauki kofin US Open a birnin Los Angeles, inda ya tsere wa Rory McIlroy da bugu ɗaya tak, ya tafi gida da dala miliyan 3.6. Mako na gaba Keegan Bradley ya ci gasar Travelers. Na gaba kuma Rickie Fowler, wanda rabonsa da kofi tun farkon 2019, ya ci gasar Rocket Mortgage. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne, dukkansu ukun da sanda samfuri ɗaya suke zura ƙwallo a rami, wato Jailbird ta kamfanin Odyssey. Sanda ce mai nauyin kai, mai dogon mariƙi, shi ma mai nauyi.

Nan take kasuwa ta yi caa a kan irin wannan sanda, kowa yana son tasa. To amma mene ne sirrin? Me zai sa a ƙara wa sanda nauyi ta wajen hannu, alhali kai ne ke dukan ƙwallo? Kuma shin ɗan wasan da ke fama da tsofaffin sandunan gwanjo a Akkara ko Kumasi ko Yawunde yana da abin da zai ƙaru da shi a wannan dabara, ko kuwa tallar 'yan kasuwa ce kawai?

Sanda da sassanta

Bari mu fara daga tushe saboda wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba. Sassa uku gare ta. Akwai kai, wanda ke dukan ƙwallo. Akwai gora, wato dogon jikin sandar, na ƙarfe ko na girafayit. Sai mariƙi, robar da ake sanyawa a saman gorar inda hannu ke kamawa. Doka ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna har 14, kowace da aikinta. Mafi tsawo cikin sandunan dogon bugu ita ce wadda ake kira direba, kanta yana da nauyin giram 200 ko kusa da haka. Wadda ake gangara ƙwallo da ita a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami kuwa, mu kira ta sandar rami, kanta ya fi nauyi, yakan kai giram 350. Mariƙi na yau da kullum bai wuce giram 50 da 'yan kai ba.

Dabarar da muke magana a kanta ita ce a ƙara nauyi a can ƙarshen sanda ta sama, bayan hannun mai riƙo, wato a wutsiya. Hanya uku ake bi. Ko dai a sa mariƙin da aka ƙera shi da nauyi tun daga masana'anta, ko a cusa ɗan dunƙulen ƙarfe a bakin gorar ta sama, ko kuma a ƙera gorar ta yadda nauyinta zai taru ta wajen hannu. Kamfanin Boccieri yana da mariƙin da ya sa wa suna Secret Grip, mai nauyin giram 92, kusan ninki biyu na wanda aka saba, da ɗan ƙarfen tongistin a ƙarshensa. Kamfanin SuperStroke kuwa ya yi mariƙan sandar rami masu wurin ɗaura nauyi a wutsiya, na giram 25 ko 50 ko 75, mutum ya zaɓi wanda ya yi masa. Shi kuma kamfanin Ping ta gora ya biyo wa al'amarin, da samfurinsa Alta CB.

Maƙera sun daɗe da sanin wannan hikima. Duba takobi. Dunƙulen ƙarfen nan da ke ƙarshen mariƙinsa yana hana shi suɓucewa, kuma yana jawo nauyin takobin ya dawo kusa da hannu, shi ya sa mai shi ke iya sarrafa tsininsa yadda ya so. Gatari kuwa akasin haka ne, duk nauyinsa na kai, ƙotar ba ta da wani nauyi, don aikinsa sara ne da ƙarfi. Sandar golf tana tsakanin waɗannan biyu, ana son ƙarfin gatari, ana kuma son saitin takobi.

Yadda ƙarin nauyi ke rage nauyi

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gida. Ɗauki rula ta ɗalibai, ka ɗora ta a kan yatsanka har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. Wurin da yatsan yake shi ne cibiyar nauyinta. Yanzu manna kwabo biyu a gefe ɗaya, ka sake nema. Za ka ga cibiyar ta matso wajen kwabban. Haka abin yake a sanda: in ka ƙara nauyi a wutsiya, cibiyar nauyi takan baro wajen kai ta matso wajen hannu.

Masu gyaran sanduna suna da sikeli na musamman da suke auna wannan, wanda wani Ba'amurke mai suna Robert Adams ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Ana kwantar da sandar a kan wata madogara da ke nisan inci 14 daga wutsiya, a ga yadda kai ke rinjayar ta. Abin da sikelin ya nuna shi ake kira nauyin lilo, kuma da harafi da lamba ake rubuta shi: C8, C9, D0, D1, D2, haka har sama. Sandunan maza da ake sayarwa a shago yawanci suna tsakanin D0 da D2.

Lissafin ba shi da wuya. In ka ƙara giram 2 a kai, nauyin lilo zai hau da maki ɗaya. In ka ƙara giram 4 zuwa 5 a mariƙi, zai sauka da maki ɗaya. Ke nan wanda ya cire mariƙi mai giram 50 ya sa mai giram 92 ya ƙara wa sandarsa giram 42, amma sikelin Adams zai ce masa ta sauko daga D2 zuwa wajen C4. A sikelin mai shago ta ƙara nauyi, a na Adams ta rage. In ka riƙe ta kana kaɗawa a hankali, hannunka zai goyi bayan Adams, za ka ji kamar kan ya yi sakayau.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sikeli yana auna sanda ne tana kwance shiru, shi kuwa ɗan wasa wurga ta yake yi. A ilimin kimiyya, wahalar juya abu tana tafiya ne da nisan nauyin daga wurin juyawa, a ninka nisan da kansa. Giram 1 a nisan inci 40 daga hannu yana da tasirin 1,600. Giram 50 a nisan inci 2 daga hannu kuwa tasirinsa 200 ne kacal, daidai da kashi ɗaya bisa takwas na giram ɗaya a kai. Ma'ana, lokacin da tsintsiyar hannu ke sakin sanda ta doki ƙwallo, kan nan yana nan da wahalarsa yadda yake tun farko, nauyin wutsiya bai rage masa komai ba.

To ina tasirin yake? Yana hannu da damtse. Su ne yanzu ke ɗauke da ƙarin kaya, kuma hannu mai kaya ba ya saurin zabura. Ka lura da yaro in ya ɗauko kwanon da babu komai a ciki, wasa yake yi da shi yana kaɗawa, amma in an cika masa shi da kunu sai ka ga tafiyar ta daidaita. Wannan shi ne ainihin abin da nauyin wutsiya ke yi. Yana sauya abin da hannu ke ji, ya rage masa rawar kai. Duk sauran amfanin da ake faɗa daga nan yake fitowa, kuma shi ya sa dabarar ke yi wa wani aiki ta ƙi yi wa wani.

Dokar da ta buɗe wa dabarar kasuwa

Abin ba sabo ba ne. Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan kofuna 18, adadin da har yau babu wanda ya kamo, ya faɗa da bakinsa cewa ana sa masa nauyi a wutsiyar sandunansa tun yana ganiyarsa. Daga baya shi ne ya zama fuskar tallar Secret Grip, don haka mai sauraro sai ya riƙa tunawa da cewa akwai ciniki a cikin maganar. Sergio Garcia ɗan ƙasar Sifen, zakaran Masters na 2017, shi ma an san shi da wannan al'ada.

Amma abin da ya fito da dabarar fili wata doka ce. Akwai lokacin da wasu 'yan wasa suka koma amfani da doguwar sandar rami, suna dogara wutsiyarta a ciki ko a ƙirji, sandar ta riƙa lilo daga wuri ɗaya ba tare da hannu ya yi mata shisshigi ba. Daga watan Agusta na 2011 zuwa Afrilu na 2013, cikin manyan gasanni shida, huɗu da irin wannan riƙo aka ci su: Keegan Bradley a gasar PGA ta 2011, Webb Simpson a US Open ta 2012, Ernie Els na Afirka ta Kudu a gasar Open ta Birtaniya a shekarar, sai Adam Scott na Ostireliya a Masters ta 2013. Hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, USGA ta Amurka da R&A ta Sikotilan, suka ce wannan ya saɓa wa asalin wasan. A watan Mayu na 2013 suka sanar da haramta dogara sanda a jiki, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2016.

Waɗanda suka saba da dogarawa sai suka shiga neman mafita, kamfanoni kuma suka kawo musu ita: sanda mai tsawon inci 37 ko 38 maimakon 34 ko 35, kai mai nauyin da ya kusa giram 400, dogon mariƙi mai nauyi. Ɗan wasa zai kama ta ƙasa kaɗan, ya bar 'yan inci suna leƙe a saman hannunsa, ba su taɓa jikinsa ba. Nauyi a ƙasa, nauyi a sama, sai sandar ta riƙa tafiya kamar lilon agogon bango, kafaɗu ne ke tuƙa ta. Wata guda bayan sanar da dokar, Justin Rose na Ingila ya ci US Open a filin Merion da irin wannan sanda ta kamfanin TaylorMade.

Me ya sa a sandar rami abin ya fi karɓuwa? Saboda nan ne hannu ya fi cin amanar mai shi. A filin da aka ƙiyasta wa bugu 72, bugu 36 na gangarawa ne, biyu a kowane rami cikin ramuka 18. Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne. Ɗan karkacewar tsintsiyar hannu da ido ba zai gani ba ya isa ya kautar da ƙwallo daga taku biyu. Akwai ma wata makyarkyata da ke kama hannun 'yan wasa in sun zo gajeren bugu, wadda ta sha addabar gwanaye irin su Bernhard Langer na Jamus. Ga mai irin wannan matsala, duk abin da zai sa hannu ya natsu alheri ne.

Dogon bugu fa?

A nan sai an yi hattara da bakin 'yan talla. Hujjar masu ƙera gora mai nauyi ta sama ita ce, tana ba su damar ƙara wa kai nauyi ba tare da ɗan wasa ya ji sandar ta yi masa yawa ba. Kai mai nauyi kuwa ya fi tura ƙwallo, kuma ba ya saurin murɗewa in dukan bai samu tsakiya ba. Maganar gaskiya ce, sai dai a duba girman ribar. Ƙwallon golf bai wuce giram 46 ba. In aka ɗaga kan direba daga giram 200 zuwa 210, kuma gudun wurgawar bai ragu ba, ƙarin gudun ƙwallon bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga mai buga mita 200, wajen mita biyu ke nan. In kuwa ƙarin nauyin ya rage masa gudun hannu ko da kaɗan ne, ribar ta tafi.

Inda ake samun riba ta ƙwarai shi ne wajen mutumin da ke da gaggawa, wanda ke fizgo sanda daga sama tun kafin jikinsa ya juyo. In nauyin wutsiya ya sa ya lafa, zai riƙa samun tsakiyar kai a kai a kai, kuma dukan tsakiya ya fi duk wani ƙarfe da za a sayar maka ƙara nisa. Masu gyaran sanduna kan ba da shawarar gwada shi ga wanda hannunsa ke saurin rufe fuskar sanda har ƙwallo ya riƙa lanƙwasawa hagu, in na-dama ne.

Amma abincin wani gubar wani. Akwai wanda da nauyin kai yake gane inda sandarsa take a bayansa, da shi yake auna lokacin saki. In ka ɗauke masa wannan ji, ka ɗaure masa ido. Wanda ƙwallonsa ya saba zamewa dama, hannun da ya ƙara mutuwa zai iya ƙara masa ciwon. Gajerun bugu na kusa da rami da na cikin yashi su ma suna son a ji kai sosai, shi ya sa sandunansu suka fi saura nauyin lilo. Sannan ga gajiya: zagayen ramuka 18 tafiyar awa huɗu ce, kuma sandar da ta yi daɗi a rami na farko da sanyin safiya tana iya zama kaya a rami na 15 in rana ta take.

Kada kuma a manta da Tiger Woods. Cikin manyan kofunansa 15, guda 14 da sandar rami ɗaya ya ci su, ƙirar Scotty Cameron, mai tsawo na yau da kullum da siririn mariƙi na roba. Har yau mafi yawan ƙwararru mariƙi na yau da kullum suke amfani da shi a sandunan dogon bugu. Da dabarar maganin kowa ce, da tuni kowa ya sha.

Gwaji kafin ciniki

A yankinmu golf ya daɗe, tun zamanin Turawa, daga filin Achimota na Akkara zuwa na Kumasi da Yawunde, da na Kano da Kaduna da Jos. Da yawa daga cikin gwanayen da waɗannan filaye suka fitar da ɗaukar jaka suka fara, da sandar da wani mai gida ya gaji da ita ya ba su. Ga irin wannan matashi, sabuwar sanda kuɗin waje ce mai yawa, mariƙi kuwa abu ne da za a iya kaiwa gare shi. Dama zafi da gumi suna saurin busar da roba ta yi santsi, dole a sauya ta lokaci zuwa lokaci. To lokacin sauyawar ne ya kamata mutum ya san ko mai nauyi zai sa ko marar nauyi, kuma zai iya sani ba tare da ya kashe ko sisi a shago ba.

Je wurin masu balansin taya. Suna da 'yan ƙarafan da suke mannawa a jikin wili, an rubuta nauyinsu a jiki, giram 5 da giram 10. Karɓi na giram 50, ka naɗe su da salatif a can ƙarshen mariƙin sandar rami, inda ba za su taɓa tafin hannu ba. In na dalma ne, a rufe su ruf, a kuma wanke hannu kafin cin abinci, don dalma guba ce.

Sai ka ɗauki littafi da biro. Buga ƙwallo 20 daga taku biyu ba tare da nauyin ba, ka rubuta nawa suka shiga. Buga 20 daga taku goma, ka rubuta nawa suka tsaya kusa da rami, tazarar da ba ta wuce tsawon sandar ba. Sa nauyin ka maimaita. Kashegari ka fara da mai nauyin, don kada ɗumin hannu ya ruɗe ka. Yi haka kwana uku ko huɗu, da giram 25, da 50. Kada ka sauya tsayuwa ko riƙo a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Ka sa ido sosai a kan dogon gangare, domin nan ne sanda mai nauyi ta fi rikita mutum wajen auna ƙarfi. Wanda ke wasa a filin da aka yi dandalin raminsa da yashi maimakon ciyawa, a kan yashin zai yi gwajinsa, tunda gudun ƙwallo a wuraren biyu ba ɗaya ba ne.

Ranar farko kusan kowane sabon abu daɗi yake yi, shi ya sa littafin ya fi hannu gaskiya. In lambobin sun nuna ci gaba, sai a je wurin mai gyara ya sa nauyin a cikin gora ya rufe da mariƙi, ya zauna daram. In ba su nuna ba, ka cire 'yan ƙarafanka, kuɗinka na aljihunka.

Abu ɗaya game da doka: nauyin wutsiya halal ne a gasa, matuƙar yana zaune ba ya motsi, kuma an sa shi kafin a fara zagaye. Wanda ya sauya nauyin sandarsa da gangan a tsakiyar zagaye, ya kuma yi bugu da ita, korarsa za a yi daga gasar.

Ita kanta Jailbird da ta tayar da ƙura a 2023, tsohon samfuri ce da aka kusa mantawa da ita. A hannun mai ɗaukar masa jaka Fowler ya gan ta, ya ara ya gwada, ta yi masa, sannan ya sa aka haɗa masa irinta. Clark kuma a wurin Fowler ya gwada kafin ya nemi tasa. Dukkansu sai da suka ji a hannunsu tukuna, ka ga ashe sai an gwada akan san na ƙwarai. Matashin da ke atisaye da yamma bayan masu gida sun tashi, shi ma hanyar da zai bi ke nan, da 'yan ƙarafan mai taya da littafinsa na rubutu.